Dodan da muka gina da dare

Kakana na wajen uba bai taɓa yarda cewa mota tana wucewa ta garinmu ba. Cewa yake yi tana tsallake mu. A wurinsa wucewa tana da ladabinta: ka sassauta tafiya, ka yi sallama, a amsa maka, a tambaye ka yadda ka baro mutanen gida. Abin da ya zo da ƙugi ya tafi da ƙugi bai ce wa kowa kanzil ba, to wannan tsallakewa ya yi, kamar yadda ake tsallake kwata.

Garin namu ƙauye ne a kudu da Garwa, a bakin hanyar Ngaundare, wadda gwamnatin Kamaru ta sa wa lamba ɗaya a cikin hanyoyin ƙasa. Ita ce ke ɗauko kayan Duwala ta bi ta Garwa da Marwa har Kusiri, inda ake haye gada a shiga Njamena. Ni ne mai rubuta wa jauro, wato mai garinmu, takardunsa, don na ɗan taɓa lakwal kuma ina jin Faransanci. Akwatin ƙarfen da muke ajiye kwafe a ciki yana ƙarƙashin gadona. Rabin abin da ke cikinsa rikicin gona ne da burtali. Sauran rabin kusan duk a kan hanyar nan ne.

Kaka ɗan falke ne. Yana yaro ya biyo jakunan mahaifinsa daga ƙasar Kano, a zamanin Jamus, kuma yawancin abin da yake ba mu labari daga bakin mahaifin nasa ya ji shi. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, ya zo ya zauna a Yola a 1841, ƙasar nan ta cika da lamidai: na Garwa, na Ray, na Bibemi, na Ceboa, har can Ngaundare da Tibati da Banyo. Fulani suka riƙe sarauta da shanu, Hausawa da Barebari suka riƙe ciniki. Ayari yakan shigo da rigunan Kano da turkuɗi da kanwa, ya koma da hauren giwa da goro, da kuma bayi. Kaka yakan yi ƙasa da murya in ya zo nan, amma ba ya tsallake maganar, ni ma ba zan tsallake ba. Sawun wannan zirga-zirga yana nan har yau a fadar kowane lamido: Galadima, Sarkin Fada, Sarkin Shanu, Sarkin Pawa, sunaye ne na Hausa a bakin masu Fulatanci. A Garwa ma akwai unguwa sukutum mai suna Hausare.

Abin da nake so a lura da shi a wancan zamani shi ne, hanya tana da mai ita. Madugu ba ya ratsa ƙasar wani ba tare da ya aika da gaisuwa ba. A bakin kogi a biya kuɗin fito, a zango a biya na sauka. Ba don Allah ake karɓa ba, kuma sau da yawa zalunci ne tsantsa, dogari ya ga abin da ya yi masa a cikin kaya ya ɗauke. Amma wanda ya karɓa ya ɗauki nauyi. In jaki ya ɓata a ƙasar jauro, shi za a tambaya. In jakin baƙo ya yi ɓarna a gonar ɗan gari, a ƙofar jauro za a yanke diyya kafin ayari ya ɗaura kaya. Baƙo da ɗan gari suna ganin idon juna.

A 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamido Zubairu ya gudo ta nan, Jamusawa suka fatattake shi a Garwa a ƙarshen shekarar, suka sake karya shi kusa da Marwa a farkon 1902. Jamusawan ba su daɗe ba. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace Garwa, ƙasar ta koma hannun Faransa. Nan ne hanya ta zama aikin dole. Kumandan ya gaya wa lamido yana son mutum kaza, lamido ya turo dogari wurin jauro, jauro ya shiga gida gida. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai a fita da gatari da fartanya da kwando, a cike zaizaya, a sare ciyawa, a jera duwatsu a mashigar rafi, don motar Bature ɗaya ko biyu da za su bi a wata. Kaka yana da wani fili a tsakar kansa inda gashi bai sake tsirowa ba, yana cewa kwandon tsakuwa ne ya ci wurin. Mu yara muna dariya, muna cewa sanƙo ne kawai. Sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Duk da wannan wahala, in ka ji tsofaffin nan suna maganar hanyar, "hanyarmu" suke cewa. Da wuyansu suka ɗauko ta.

Ita Garwa a lokacin ba hanyar mota ce ta raya ta ba, Binuwai ce. Jiragen ruwa sukan hauro daga gaɓar tekun Najeriya in kogi ya cika, makonni kaɗan a shekara, su sauke gishiri da siminti da mai, su kwashi gyaɗa da auduga. Yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970 ya toshe wannan ƙofa, kuma ba ta sake buɗewa kamar da ba.

In aka ce in zaɓi shekara ɗaya da ta juya ƙauyenmu, 1974 zan ce, ina ɗan ƙaramin yaro, Amadu Ahijo ɗan Garwa yana kan mulki. A shekarar jirgin ƙasa ya iso Ngaundare ya tsaya, don haka duk abin da za shi arewa da Cadi sai a sauke shi daga tarago a ɗora wa manyan motoci, su gangaro dutsen nan na wajen Mbe su miƙo kanmu. A shekarar aka kafa Sodecoton, mai hedkwata a Garwa, ya gaji aikin audugar da Faransawa suka fara. Kuma a shekarar, a watan Yuli, aka yi dokar ƙasa wadda ta ce duk filin da ba shi da takardar mallaka gwamnati ce ke riƙe da shi a madadin al'umma. A wajajen lokacin ne aka soma kwaso manoma daga duwatsun Mandara da ƙasar Tupuri, inda mutane suka yi wa ƙasa yawa, ana zaunar da su a kwarin Binuwai. Waɗanda gwamnati ta kawo kaɗan ne a kan waɗanda suka biyo 'yan uwansu da kansu. Mafa, Giziga, Mundang, Tupuri, kowa ya zo da fartanyarsa. Da aka gama dam ɗin Lagdo a 1982 sai masunta suka ƙaru a kai.

Baƙon da ya zo neman gona ba ya zuwa ofis. Ƙofar jauro yake zuwa da goro, a nuna masa daji, in ya girbe ya fitar da zakka ta tafi fada. Dokar 1974 tana takarda, wannan kuma yana ƙasa, har gobe. Amma gida kowa a bakin kwalta yake so, don nan ne motar auduga ke tsayawa, nan ne mace za ta kasa gyaɗa. Garin da ke dunƙule a gindin tsamiya, gabas da hanya, sai ya miƙe kamar igiya, ya haye yamma. Masallaci da rijiya suna wannan hannu, lakwal da coci da injin niƙa suna wancan. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Na sha lissafawa: yarinya 'yar shekara takwas a gidanmu takan haye kwaltar nan sau shida a yini.

Shi kuwa jauro, a 1977 aka yi masa matsayi. Dokar 15 ga Yuli ta kasa sarakunan gargajiya daraja uku, manyan lamidai a ta ɗaya, irin su jauro a ta uku, ta kuma kira su mataimakan hukuma. Tun 2013 ma an yanka musu alawus, jaka hamsin a wata ga mai daraja ta uku. Ga hatimi, ga tuta a ƙofar gida. Sai dai ikon da kakansa yake da shi, na ya ɗaga hannu mai tafiya ya tsaya, ba ya cikin takardar. Masu tsayar da mota yanzu jandarma ne, da masu karɓar dala ɗari a shingen kuɗin hanya, wanda aka fara a 1993. Kuɗin fito bai mutu ba ke nan, gida ya sake.

A nan dole in yi wa direbobi adalci, don ƙanen matata ɗaya ne daga cikinsu. A shekarun 1990 da bayansu, 'yan fashin da ake kira zargina sun addabi hanyoyin arewa: su gicciya itace, su fito da bindigogi, su kwantar da fasinja a kwalta su kwashe na aljihu, musamman ranakun kasuwar shanu. Direban da ya rayu a wannan zamani ya koyi darasi ɗaya, cewa rage gudu a inda ba ka sani ba shi ne ajali. Ga ramuka da ke cinye masa awoyi, in ya sami shimfiɗa mai kyau sai ya rama. Shimfiɗar mai kyau kuwa, cikin rashin sa'a, ita ce ta tsakiyar garinmu.

Da aka shigo zamanin raba iko, bayan dokokin 2004, sai ga matasa da manyan takardu da alƙaluma masu launi, daga wani shiri mai suna PNDP, wai kowane ƙauye ya faɗi damuwarsa a sa a tsarin raya ƙaramar hukuma. Kwana uku muna gindin tsamiya. Aka ware maza daban, mata daban, samari daban. Muka zana taswirar gari, har da burtalin da shanun Mbororo ke bi su ratsa kwalta. Na ji daɗin zaman nan, ban ɓoye ba, don shi ne karo na farko da na ga an tambayi matar Tupuri da matar liman ra'ayinsu a tabarma ɗaya. Maza suka sa rumbun ajiya a gaba. Mata suka ce gudun motoci, sannan ruwa. Mai rubutu ya rubuta, ya ɗago kai ya ce, cikin ladabi, ruwa da aji da rumbu suna cikin ikon magajin gari, amma wannan hanyar ta ƙasa ce, maganarta tana Yawunde. Mun sami famfo, kuma muna godiya. Aka haƙa shi a yamma da hanya, inda masu auna ƙasa suka ce ruwa ya fi kusa.

Takarda huɗu na rubuta a kan tudun rage gudu, jauro ya buga hatimi, na kai da hannuna. Kwafensu suna cikin akwati. Sai wata ranar kaka, ana tsakar ɗaukar auduga, wata babbar mota ta bi ta kan jikar maƙwabcina tana ɗauke da tulun roba daga famfon nan. Direban bai tsaya ba, kuma na san dalili: ya san abin da taron mutane ke yi wa direba in jini ya zuba. Can gaba ya kai kansa wurin jandarma.

Bayan an dawo daga maƙabarta samari suka taru a ƙofar jauro. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo sallama ne, ba neman izini ba." Jauro ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ni dai yau da wuri zan kwanta." Kafin asuba tudu uku sun tashi a kan kwalta, na jar ƙasa da duwatsu da kututturan giginya. Faransanci yana kiran irin wannan tudu gadon bayan jaki, a bakin mutane kuma kalmar ta zama "dodan". Ga kunnen Bahaushe sai ta yi daidai da dodo, yara kuwa suka riƙe haka. Na yi ta tunanin Kaka: jakin da mota ta kora ya dawo ya kwanta mata a hanya.

Ba zan ce abin ya tafi lafiya ba. Ba fenti, ba allo, kuma na tsakiyar ya yi tsayi fiye da hankali. A mako na biyu wani mai babur ɗan ƙauyen gaba, yana ɗauke da matarsa da dare, ya hau shi bai gani ba, ta karye a kafaɗa. Da jami'in hukuma ya zo da jandarmomi biyu, abin da ya faɗa gaskiya ne: doka ta hana kowa taɓa hanyar ƙasa, kuma tudun da ba a auna ba yana kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Ya juyo wurina ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, ya ka bari?" Na buɗe akwati na miƙa masa takardun nan huɗu. Ya karanta ta sama, ya duba kwanan wata, ya mayar mini. Aka rushe biyu. Na ukun, na daidai famfo, ya ce a rage masa tsayi a shafa masa farar ƙasa kafin a ga abin da za a yi. Ana nan ana gani har yau.

Wata bai cika ba mata suka gane cewa duk motar da ta zo wurin sai ta kusa tsayawa. Tire ya fara fitowa, na dafaffen ƙwai da gyaɗa da gasasshiyar masara, sai buhunan gawayi, sai mai shayi ya kafa tebur. Yanzu karen mota yakan leƙo ya kira mace da sunan ɗanta, ya tambayi yadda aka kwana. Sai kuma faɗa ya tashi a kan wa zai zauna daidai tudun, wa zai matsa gaba, tsakanin matan gabas da na yamma. Shekaranjiya jauro ya sa na ɗauko littafi, muka je da igiya muka auna wa kowace taku huɗu, na rubuta sunaye ashirin da bakwai. Ya yanke cewa kowane tire zai ba da dala biyar ranar Juma'a, a sayi farar ƙasa, don ruwan bana ya wanke fentin.