Jadawalin Sinadarai: Tambayar da Ta Ɗauki Shekara 63 Kafin a Amsa

Shin ka san cewa jadawalin sinadaran nan da ɗalibai ke shan wuyar haddacewa, an ƙirƙiro shi ne don sauƙaƙa musu karatu? A shekarar 1869, Dimitiri Mendeleyef, malamin kemistiri a jami'ar San Fitasbog ta ƙasar Rasha, yana rubuta wa ɗalibansa littafi. Sinadarai 63 aka sani a lokacin, kuma yana neman tsarin da zai koyar da su ba a hargitse ba. Sai ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, ya lura cewa halayensu na maimaita kansu. Har gurabe ya bari, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna. Aka gano galiyom a 1875, jamaniyom a 1886, halayensu kusan yadda ya faɗa.

Amma fa akwai wani ƙulli. Teluriyom, mai nauyin 127.6, ya fi aidin mai 126.9 nauyi, wato aidin ɗin nan da ake sa wa gishiri. Bisa ƙa'ida aidin ne zai fara zuwa, sai dai halayensu sun nuna akasin haka. Mendeleyef ya sa teluriyom a gaba, yana zaton masu awo ne suka yi kuskure. Ashe awon daidai yake.

Wani matashi ɗan Ingila, Henri Mosli, shi ya fara kwance ƙullin a 1913. Ya auna hasken eksire da sinadarai ke fitarwa, ya nuna cewa cajin da ke cibiyar zarra ne ke ba kowane sinadari gurbinsa, ba nauyi ba. Yau mun san wannan cajin yawan furoton ne: teluriyom 52, aidin 53. Shekara biyu bayan nan aka kashe Mosli a fagen yaƙin Galifoli, yana ɗan shekara 27.

To, me ya sa mai furoton 52 ya fi mai 53 nauyi? A 1913 ɗin dai, Firedirik Sodi ya bayyana cewa sinadari ɗaya na iya samun zarra masu nauyi daban-daban, ya kira su aisotof. Dalilin bai fito ba sai 1932, da Jems Cadwik ya gano niyutoron, ƙwaya marar caji da ke zaune da furoton a cibiya. Aidin na da niyutoron 74, amma mafi yawan zarrar teluriyom na da 76 ko 78.

Ka ga kenan, 35.5 da aka rubuta a gidan kulorin ba rabin ƙwaya ba ne. Matsakaicin nauyi ne: kusan kashi uku cikin huɗu na kulorin 35 ne, sauran 37. Haka ma yuraniyom ɗin Arlit a Nijar: nau'in 235, wanda tashoshin nukiliya ke dogaro da shi, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Bambancin niyutoron uku kacal ne tsakaninsa da 238, amma a kansa ƙasashe ke ta tayar da jijiyar wuya.