Daga madugu zuwa kuɗin wata: yadda nuna hanya ya zama haja a motar lantarki

Yau ba darasin danna nan, danna can za mu yi ba. Tarihi za mu ɗan taɓa, amma irin wanda zai iya tsare maka aljihu, musamman in kana cikin waɗanda suka fara leƙen motar lantarki tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Maganar ita ce, kana iya biyan kuɗin mota cas, a miƙo maka makulli, amma taswirar da ke allonta da intanet ɗin da ke cikinta su kasance na haya, sai kana biya duk wata. To ya aka yi aka zo nan?

Mu fara daga gida. Ka ɗauki hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta wuce Tambuwal har Jega. Yankin nan ya daɗe da sanin matafiya. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma Jega babbar kasuwa ce da fatake ke yada zango. A zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ayari ba ya tashi sai da madugu. Shi ya san rijiya, ya san zango, ya san inda ake biyan fito da inda 'yan fashi ke kwanto, ga kuma jagaba da ke shigewa gaba. Kuma ba kyauta yake yi ba, fatake na ba shi ladarsa. Ka ga ke nan biyan kuɗin nuna hanya ba yau aka fara ba. Sai dai shi madugu tare da kai yake tafiya, abin da ya same ka ya same shi, in an dawo gida ciniki ya ƙare.

A 1853 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga kan hanyarsa daga Sakkwato zuwa Gwandu. Da kamfas da agogo yake aiki. Ya duba inda aka fuskanta, ya duba tsawon lokacin da aka yi ana tafiya, ya rubuta, daga baya aka zana taswira da wannan lissafi a Turai. Riƙe wannan dabarar a ranka, za mu sake cin karo da ita.

Da mota ta zo, ilimin hanya ya koma hannun direba da yaron mota da ɗan kamasho a tasha. Kamfanin Peugeot, Fijo a bakinmu, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma Alhaji Shehu Shagari ya taɓa shugabantar hukumar kamfanin kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Wanda ya sayi 504 a lokacin, komai na jikinta nasa ne, daga rediyo har tayar sifiya. In ya ɓace hanya, ya sauke gilas ya yi sallama, a nuna masa da hannu, wani lokaci har da ruwan sha.

A can Japan kuwa, a 1981 Honda ta fito da wata na'ura mai nuna wa direba inda yake a kan taswirar roba da ake zurawa gaban ɗan allo. Ba ta san tauraron ɗan'adam ba. Juyawar mota da nisan da taya ta ci take lissafawa, wato dabarar Barth ce aka sa wa lantarki. GPS kuwa aikin sojan Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, a 1983 shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su amfana da shi bayan an harbo wani jirgin fasinjan Koriya da ya kauce hanya, a 1990 Mazda ta sa shi cikin mota tun daga masana'anta, sannan a Mayun 2000 aka daina gurɓata siginar da gangan, ta koma daidai ga kowa.

A nan nake so ka natsu, don nan ne mutane ke ruɗewa. GPS kyauta ne, har gobe. Taurarin suna watso sigina ne kamar gidan rediyo, na'urarka saurare kawai take yi, in ta ji huɗu ko fiye sai ta lissafa inda kake. Ba ta buƙatar sim, ba ta cin data. Amma sanin inda kake daban, taswirar da za a ɗora ka a kai daban, sannan labarin abin da ke faruwa yanzu a kan titi, kamar cunkoso ko wurin cajin da ke aiki, shi ma daban. Na farko ba mai iya sayar maka da shi. Na biyu da na uku su ne hajar.

Wanda ya fara maida su haja sosai shi ne General Motors, da tsarin OnStar a 1996. An dasa waya a cikin motar kanta, in ka yi haɗari ko ka ɓace ka danna maɓalli wani ya amsa, kai kuma kana biyan kuɗin shekara ko na wata. A wannan kamfani ne ɗan asalin Sakkwato, Jelani Aliyu, ya yi aiki, shi ya zana siffar Chevrolet Volt. Shi ne kuma, yana shugaban hukumar NADDC, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta farko a Najeriya, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Afrilun 2021, 'yan watanni bayan an nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas. Don haka Basakkwace ba baƙo ba ne a wannan zance.

Waya ta so ta karya wannan kasuwa. Google Maps ya fito a 2005, a 2009 ya fara faɗa wa direba inda zai karya kwana ba tare da ko sisi ba. Mu nan GSM ya iso a 2001, daga baya data ta biyo, sai kowa ya samu madugu a aljihu. Kamfanonin mota suka ga kuɗi na wuce su.

Tesla ta fara da kyauta. Daga 2012 motarta na zuwa da intanet a ciki ba a tambayarka komai. Sai ga waɗanda suka yi oda daga 1 ga Yuli, 2018, aka raba abin gida biyu. Ƙaramin tsari ya ba ka taswira da nuna hanya, babban kuma, da ake biyan dala 9.99 a wata a Amurka, ya ƙara maka hoton ƙasa daga tauraro, launin cunkoso a kan titi, waƙa da bidiyo. A Yulin 2022 aka sake matsewa, ƙaramin ma ya koma na shekara 8 ga sabbin motoci. Lura da kyau, shekarun nan daga ranar da aka miƙa wa mai motar na farko ake ƙirga su, ba ranar da ta sauka a hannunka ba. Mu da galibi 'yar Kwatano muke saye, wannan mu ya fi shafa.

Wasu ma sun wuce gona da iri. A 2022 BMW ta nemi kuɗin wata, kusan dala 18, kafin ta kunna maka ɗumama kujera, alhali wayoyin na cikin kujerar da ka riga ka biya. Surutu ya yi yawa, ta janye a 2023. Mercedes ta sa dala 1,200 a shekara don ƙara wa wasu motocinta na lantarki gudu. Ita kuwa General Motors a 2023 ta ce sabbin motocinta na lantarki ba za su ƙara zuwa da Android Auto da CarPlay ba, wato hanyar da wayarka ke haska taswirarta a allon mota. A ganina wannan ya fi na kujera ciwo, don an toshe maka ƙofar da za ka bi ka guje wa biyan.

Akwai kuma ranar da sabis ɗin kansa ke mutuwa. A Fabrairun 2022 kamfanin AT&T ya kashe 3G a Amurka, motoci masu yawa suka wayi gari ba intanet. Masu tsohuwar Model S sai da suka biya dala 200 aka canza musu na'urar.

Za ka ce to mene ne, ai ga waya. A motar fetur haka ne. A ta lantarki kuwa taswirar ciki tana magana da batir. Ita ke gaya maka kashi nawa zai rage in ka isa, da inda za ka tsaya caji. A zafin Afrilu na Sakkwato, da esi a kunne tun daga gida, wannan lissafi ba ado ba ne, tunda wuraren caji har yanzu 'yan kaɗan ne kuma a manyan birane suke. In caji ya ƙare maka tsakanin Shagari da Tambuwal, ba ɗan bumburutun da zai kawo maka lantarki a galan.

Matsalar ita ce, motar da aka yi don wata ƙasa da sim ɗin can take zuwa, a manne a ciki, da taswirar can. Tesla ba ta da ofishin sayarwa a Najeriya. Sau da yawa za ka ga allon ya nuna ɗigon da kake, amma ya kasa zana maka hanya zuwa Boɗinga. Motocin da aka yi don kasuwar cikin Chaina su ma haka, taswirarsu ta Chaina ce, manhajar wayar kuma kan nemi lambar can. Ko kana da dalar, me za ka saya? Launin cunkoso a hanyar Shagari? Abin da ke tsayar da kai a nan ranar kasuwa ce, da garken shanu, da shingen jami'an tsaro, da inda ruwa ya cinye kwalta. Labarin hanyar da ba a bi bayan magariba kuwa, har yau a tasha ake samunsa.

Saboda haka in dillali ya kai ka gaban mota, kar girman allo ya ɗauke maka hankali. Ka tambayi ƙasar da aka yi ta dominta da shekarar da aka fara sayar da ita. Ka ce a cire ta daga asusun tsohon mai ita a gabanka, don muddin tana can yana iya ganin inda take a wayarsa. Ka haɗa ta da hotsifot ɗin wayarka ka ga abin da ya buɗe da abin da ya ƙi. Ka jona wayar ka tabbatar Android Auto ko CarPlay na aiki. In yana aiki, ka shiga Google Maps, ka danna hotonka da ke sama, ka nemi wurin sauke taswira, ka ja akwatin ya rufe daga Sakkwato har Jega, ka sauke. Zai nuna maka hanya ko ba netwok, sai dai ka riƙa sabunta shi lokaci-lokaci. Daga nan ka kashe datar wayar, ka rubuta Shagari a allon motar ita kanta, ka tsaya ka ga abin da za ta ce kafin ka fara taya kuɗi.