Keso: Tarihin Zambar Ashirin

A rumfar mahaifina da ke Kantin Kwari na fara riƙe dubu ashirin a hannuna: rafar 'yan naira ɗari bibiyu, takarda ɗari cur, ɗaure da roba. Kakana da ke zaune kan dilar atamfa ya dube ni ya ce, “Jikana, ka ɗauki keso da hannu guda.” Neman ma'anar wannan kalma shi ya kai ni ga tarihi.

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa. Ashirin ɗinsa hauya, ɗari zangu, dubu zambar. Keso kuwa buhun tabarma ne mai cin wuri 20,000. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya ga 'yan kasuwa suna ƙirga wuri biyar-biyar da yatsu, suna tara shi tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu. Ya kuma rubuta cewa wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa guda. Ke nan keso dala takwas ne daidai.

Da na zauna da alƙalami, sai na tarar lambar ta dace da hannun mai ƙirga. Idan aka warware 20,000, ba a samun komai a cikinta sai biyu da biyar: 32, wato biyu ninki biyar, sau 625, wato biyar ninki huɗu. Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. In aka tara su, ban da ita kanta, za a sami 29,203, abin da ya zarce ta. Shi ya sa masana lissafi ke sanya ta a ajin lambobi masu yalwa. Rabinta, rubu'inta da sumuninta duk suna fita lafiya, abokan ciniki su rabu ba jayayya.

Amma tana da gurbi guda: uku ba ya shigarta. Abokan tarayya uku kowa zai tashi da 6,666, wuri biyu su yi saura a tabarma. Haka sulusi da sudusi, waɗanda rabon gado ke bukata, ba sa fita cikinta. A nan lissafi ke tsayawa, sai amana da yafiya su ƙarasa aikin.

Wuri ya ba fam da sule hanya, su ma suka kauce wa naira a 1973. Yau injin ƙirga kuɗi ke kuka a rumfunan Kwari, abin da ya taɓa zama kayan ɗaukar ƙato ya koma cikin aljihu. Abin da nake tsoro shi ne kalmar ta bi kakana kabari, mu tashi muna zaton a makarantar boko lissafi ya fara a Kano, alhali a Kasuwar Kurmi yatsun kakanninmu sun daɗe da sanin halin zambar ashirin.