Yadda Magabata Suka Koya Mana Feɗe Magana

Tun kafin a kafa makarantar boko a ƙasar Katsina, malamai suna da hanyarsu ta karanta littafi da auna shi. A yammacin Ƙanƙara da arewacin Faskari, kusa da Tsafe, akwai tsohon garin 'Yandoto, wanda ya yi suna wajen ilmi ƙwarai, har almajirai na zuwa daga nesa su ɗauki karatu.

Hanyar kuwa ita ce, almajiri ya durƙusa gaban malami da littafinsa, ya karanta Larabci gaɓa gaɓa, malami na fassarawa da Hausa. Sa'an nan a koma kan lugga da nahawu, a auna baiti da arula, a bincika abin da mawaƙi ya ke nufi. Abin da malami ya faɗa kuwa, almajiri ya rubuta shi a gefen takarda da ƙananan baƙaƙe. Ba a ce mutum ya san littafi sai ya ji shi daga bakin wanda ya ji daga wani.

Daga irin wannan karatu sharhi ya fito. A Birnin Katsina, Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa Ishiriniyar Alfazazi sharhi, yana warware kalmominta masu tsauri, domin kada a rera yabo ba a san ma'anarsa ba. 'Yandoto kuwa, wajen 1806 Muhammadu Bello ya yaƙe ta, malamanta suka watse, amma hanyar karatun ba ta mutu ba. Ta zauna a zaurukan malamai, har ƙauyukan Sabuwa.

Da boko ya zo, sai aka sami sabon abin karantawa. A 1933 Rupert East ya sa gasar rubuta labari daga Zariya, inda aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. To, ka ga amfanin tsohon ilmi a nan. Wanda ya san Muƙamar Hariri, in ya karanta rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, nan da nan zai gane rijiyar da marubucin ya sha ruwa. Wanda bai sani ba kuwa, dariya kawai zai yi ya wuce.

Daga baya malaman jami'a suka shimfiɗa wa aikin ƙa'idodi. Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi ta waƙar baka. Suka ce a nemi jigo, watau manufar magana, a duba zubi da tsari, a lura da salo. In aka duba da kyau, tambayoyin malamin zaure ne aka yi wa sababbin sunaye.

Irin wannan ilmi ba ya rayuwa a takarda kaɗai, sai da malami da ɗalibi zaune lafiya. Shi ya sa sace 'yan makaranta fiye da 300 da aka yi a Ƙanƙara a 2020 ya girgiza masu hankali, ko da ya ke an sako su. Duk inda tsoro ya hana yaro zuwa gaban malami, littafi zai saura, amma mai buɗe shi ya tafi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.