Tauraron da ya mutu, da madubin da ya zo mana daga Cile

A shekara ta 1054 masanan taurari na ƙasar Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya fito, har da rana ana ganinsa, kwana 23. Ashe mutuwarsa ce suka gani, gama fashewa ya yi. Abin da ya rage shi ake kira tauraron niyutron. Faɗinsa kamar kilomita 20 ne kaɗai, amma ya fi rana nauyi. Sai a 1969 aka gan shi cikin madubin hangen nesa yana ƙyaftawa, sau 30 a daƙiƙa ɗaya.

Sauran 'yan'uwansa haskensu ba ƙarfi, saboda haka kaɗan ne madubi ya kama. Masu nemansu sun sa zuciya ga wani ƙaton madubi mai faɗin mita 39, wanda Turawa suka soma share wa wuri a ƙasar Cile a 2014.

Mu ma a Wagadugu muna da ɗan rabo. Jami'armu ta buɗe ɗakin duban taurari a 2007. A 2009 kuwa aka kwance wani madubi mai mita 1 a Cilen nan, aka aiko mana da shi domin a kafa a kan dutsen Djaogari. Ƙarami ne, amma da irinsa yaron Zango zai koyi aikin kafin a ba shi babba.