Daga Karen Farauta Zuwa Karen Takarda: Waiwaye Kan Teriyan Da Ya Wuce Awo

A ƙasar Haɗejiya, tun zamanin kakanni, tambayoyi uku ake yi a kan kare: yana da hanci, yana da gudu, yana da zuciya? Mafarauci a Guri ko Kirikasamma bai taɓa ɗora karensa a kan sikeli ba, Bafulatanin da ke saukowa fadama da rani kuwa bai san tsawon nasa da awo ba. Yau an sami wani sabon ƙorafi a bakin matasa masu sha'awar karnukan waje. Mutum zai sayo ɗan kwikwiyon teriya daga Kano ko Kaduna, a rantse masa cewa ba zai wuce girman kyanwa ba, kafin shekara ta zagayo ya ga dabbar ta ninka abin da aka faɗa. Sai ka ji yana cewa an cuce shi, ba na asali aka ba shi ba. Wanda yake son fahimtar wannan ƙorafi sai ya bi tarihi biyu, na fadamarmu da na Ingila.

Matsayin kare a nan aiki ne ya kafa shi, addini kuma ya yi masa iyaka. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamai, ya hana ajiye kare a gida sai wanda ke tare da dabbobin kiwo ko wanda ake farautar abinci da shi, ko mai gadin gona, kamar yadda ya zo a hadisi. A kan wannan turba karen fadama ya tashi. Idan ruwan kogi ya janye, an kai amfanin gona gida, mafarauta kan fita da karnukansu masu yankakken kunne su bi zomo, gada, kurege da gafiya. Karyar da ta yi suna a daji ita ake neman 'ya'yanta tun ba su buɗe ido ba, wadda ta cika tsoro kuwa ba mai waiwayar irinta. Zaɓen iri ke nan, ba takarda, ba rajista. Abin da ya haifar shi ne kare siriri mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu, mai jure zafin watan Afrilu.

Daga baya fadamar ta sauya. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, yanayin ambaliya ya canza, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin shinkafa da alkama suka ci dazuzzuka. Dajin Baturiya ya zama wurin da doka ta kare, har aka sa shi a jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008. Namun daji sun ragu, farauta ta ja baya, yawancin karnuka suka koma gadin gida da garke. A daidai lokacin ne kuma, bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, zirga-zirgar ma'aikata da ɗalibai tsakanin Haɗejiya, Dutse, Kano da Abuja ta ƙaru, sha'awar birni ta biyo su.

Abin da masu sayen teriya ba su cika sani ba shi ne, shi ma karen aiki ne tun farko. A tsakiyar ƙarni na 19, masaƙa da suka yi ƙaura daga Sikotlan zuwa yankin Yorkshire na arewacin Ingila sun zo da ƙananan karnukansu, waɗanda aikinsu kashe ɓeraye ne a masaƙu da ramukan haƙar kwal. Talakawa ne masu su, kuma ƙwazo suke nema a wurinsu. Bayan dokar 1835 ta hana wasan haɗa karnuka da bijimai, sai caca ta koma kan kashe ɓera a cikin rami. Wani ƙaramin teriya mai suna Tiny ya yi suna a Landan a 1848 saboda ya kashe ɓeraye 200 cikin ƙasa da awa guda. Duk manomin shinkafa a Auyo da ɓera ya taɓa yi wa ɓarna a rumbu zai gane darajar irin wannan kare.

Juyin ya zo ne da gasar baje kolin karnuka. An yi ta farko a Newcastle a 1859, aka kafa ƙungiyar Kennel Club a 1873, ta Amurka ta biyo baya a 1884, sannan ƙungiyar duniya ta FCI a 1911. Waɗannan ƙungiyoyi ne suka riƙa tabbatar da ƙa'idar kowane iri: launinsa, tsayuwar kunnensa, tsawon gashinsa da nauyinsa. Da teriyan Yorkshire ya bar masaƙa ya shiga falon masu kuɗi, sai ƙanƙanta ta zama abin da ke kawo farashi. Masu kiwo suka riƙa haɗa ƙarami da ƙarama, tsara bayan tsara, har ƙa'ida ta tsaya a kan cewa kada ya wuce kilo 3.2.

A nan ne tarihi ya ajiye wata hujja mai ƙarfi. Karen da ake ɗauka uban wannan iri, Huddersfield Ben, wanda aka haifa a 1865 ya mutu a 1871 bayan keken doki ya take shi, ya lashe kyaututtuka 74, amma nauyinsa ya kai kusan kilo 5. Da yau za a kai shi gasa, alƙalai za su ce ya wuce awo. Jininsa na nan a jikin jikokinsa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ya sa ko iyaye biyu masu cikakkiyar rajista kan haifi kwikwiyo ɗaya da zai kai kilo 5 ko 6 a cikin 'yan'uwansa. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2007 ya nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna IGF1 tana da babban tasiri wajen ƙanƙantar karnuka, daga baya kuma aka gano wasu da dama da ke aiki tare da ita. Abin da ƙwayoyi masu yawa ke juyawa ba ya fitowa daidai da layin da mutane suka ja a takarda.

Hanyar da karnukan waje suka bi zuwa Arewa ta ƙara nata dalilin. Jami'an mulkin mallaka sun zo da nasu bayan cin Haɗejiya da yaƙi a 1906, amma karnukan sun tsaya a barikoki. Daga baya manyan karnukan gadi irin su Alsatian, Rottweiler da Boerboel suka shiga gidajen attajirai. Ƙananan karnukan ado, irin su Lhasa da teriya, sun yaɗu ne da zuwan wayar hannu, inda ake tallarsu a Facebook, Instagram da WhatsApp, a turo su a mota. Mai saye hoto kawai yake gani, bai ga uwa ba bai ga uba ba. Sau da yawa kwikwiyon ruwa biyu ne, an haɗa teriya da wani iri mai gashi, kuma a sati shida duk kwiyakwiyai ƙanana ne. Akwai ma masu sayarwa da ke rage shekarun dabba ko su tauye mata abinci don ta zauna ƙarama har a karɓi kuɗi. Wannan ha'inci ne, kuma hakkinsa na kan wanda ya yi shi. Karen dai bai yi wa kowa alkawari ba.

Sahel ma ta ɗanɗana al'adar rubuta ƙa'idar iri ta fuskar da ta juya. Karen Azawak, wanda Buzaye ke kiwo a Nijar, Mali da Burkina Faso, an kai shi Turai a shekarun 1970, FCI ta rubuta masa ƙa'ida a farkon shekarun 1980, ƙungiyar Amurka ta karɓe shi sosai a 2019. Ƙa'idar ta ce namiji ya tsaya tsakanin santimita 64 da 74. Makiyayin da kakanninsa suka samar da irin zai iya mallakar karen da ya fi kowane gudu a yankinsa, takardar ta ce bai cika ba. Ƙa'idar iri an yi ta ne domin alƙalan gasa da masu rajista, ba ma'aunin lafiya ko amfani ba ce.

Hasali ma, a yanayinmu teriyan da ya ɗan girma ya fi zama lafiya. Waɗanda aka ƙanƙantar ƙwarai sukan yi fama da faɗuwar sukari, gocewar ƙoƙon gwiwa, raunin maƙogwaro da karayar ƙashi daga faɗuwa kaɗan. Mai kilo 5 ko 6 ya fi jure hayaniyar yara a tsakar gida. Abin da ya kamata mai shi ya bambance shi ne girman ƙashi da ƙiba. In ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari ba tare da ka danna ba, kuma akwai ƙugu in ka dube shi daga sama, to girmansa ne na gado. In kitse ya rufe ko'ina, ragowar tuwo da shinkafa ce ta yi yawa. A rage masa gashi saboda ƙarangiya da kaska, a ajiye masa ruwa da inuwa, a nisanta shi daga albasa da ƙayar kifi. Sama da komai, a yi masa allurar ciwon haukan kare tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa wannan allura a cikin ƙasar nan, cutar kuwa tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara.

Babban abin da nake tsoro shi ne wanda ya ji haushin girman karensa ya kore shi titi. Dabbar da ta saba da gida ba ta iya neman abinci a bola ba, za ta wahala, kuma ba tare da allura ba za ta zama haɗari ga yaran unguwa. Wanda zai saya ya nemi ganin uwa da uba da idonsa, ya tambayi malaminsa hukuncin ajiyewa da na ciniki, ya tabbata yana da aikin da zai ba karen. Wanda ya riga ya saya kuma, amana ce ta rataya a wuyansa, kuma za a tambaye shi yadda ya ciyar da ita da yadda ya kula da lafiyarta.