Malam Abdullahin Gwandu da Tarihin Ilmi

Malaman da suka ce darajar littafi ba ga yawan takardunsa take ba, sai ga yawan masu komawa gare shi in magana ta rikice, sun yi gaskiya. In kuwa da wannan ma'auni za a auna, to, kaɗan ne a ƙasar nan za su kama ƙafar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo.

An haife shi wajen shekarar 1766. Ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa, sa'an nan ya koma hannun wansa, Shehu Usmanu. Shi ne ya ja rundunar da ta ci Birnin Kebbi cikin 1805, daga baya ya riƙi yammacin daula, ya zauna Gwandu har rasuwarsa cikin 1829. Amma yaƙi da mulki ba su raba shi da alƙalami ba. Ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano saboda roƙon mutanenta, watau littafin sharuɗɗan mulki. Ya yi Liya'ut Tawili kan tafsiri, da Baharul Muhiɗi kan nahawu, da Hisnur Rasini kan sarafu.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin littafi da ya rubuta cikin 1812, sunansa Ida'un Nusuki. A cikinsa ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu, kamar su Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya kuma ambaci littattafan da ya karanta wurin kowannensu, tun daga Ahalari da Ishiriniya har Risala da Muƙama. Ganin ƙanƙantarsa, sai mutum ya raina shi. Alhali kuwa shi ne madubin da ake duba yadda ilmi yake a ƙasar Hausa kafin jihadi: me ake karantawa, wa ke karantarwa, daga ina littattafan suka zo. Da bai rubuta shi ba, da sunayen waɗansu daga cikin malaman nan sun shuɗe tare da masu su.

Shekara guda bayan haka ya tara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati, kowace waƙa da labarin abin da ya jawo ta. Ta haka littafin waƙa ya zama littafin tarihi.

Masu zuwa baya sun ɗebi ruwa ƙwarai a wannan rijiya. Wani Bature, Malam Mervyn Hiskett, ya juya Ida'un Nusuki da Ingilishi cikin 1957, ya kuma fitar da Tazyinul Waraƙati a Badun cikin 1963. An buga Liya'ut Tawili a Alƙahira cikin 1961, juzu'i huɗu. Murray Last ya dogara da littattafansa sa'ad da ya rubuta tarihin daular Sakkwato, wanda ya fito cikin 1967. Cikin 1995 kuma John Hunwick ya jera sunayen wallafe-wallafensa, ya nuna inda kowanne yake ajiye. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma sunansa aka sa masa.

Saura abu guda. Takarda tana da abokan gaba uku: gara, da ruwa, da wuta. Duk gidan da ya gaji rubutun hannu ya kulle shi cikin adaka, ba ya karantawa, ba ya bari a kwafa, to, rijiya ta bayar, guga ya hana. Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya sa a amfana da abin da ya bari, amin.